Dashen Haƙori: Tsadarsa da Matsayin Inshorar Lafiya

Jama'a da yawa daga sassa daban-daban na ƙasar nan sukan yi tambaya game da dashen haƙori, watau aikin da likita ke yi na kafa sabon haƙori a cikin ƙashin muƙamuƙi a gurbin wanda ya fita. Tambayar tasu kashi biyu ce. Me ya sa aikin yake da tsada haka? Kuma wanda yake da inshorar lafiya, za a biya masa? An shirya wannan ɗan littafi domin a ba da amsa a fili, don kada mutum ya je asibiti da tsammanin abu guda ya tarar da wani.

Bari mu fara da amsar tambaya ta biyu, domin ita ta fi damun mutane. Shirin inshorar lafiya na Gwamnatin Tarayya ba ya biyan kuɗin dashen haƙori. Wanda ya zaɓi a yi masa, daga aljihunsa zai biya.

Mene Ne Dashen Haƙori?

Kada a haɗa shi da haƙorin Makka. Haƙorin Makka hula ce ta zinariya ko azurfa da ake ɗorawa a kan haƙorin da yake nan da ransa. Kada kuma a haɗa shi da haƙoran roba da ake cirewa da dare a wanke. Dashe yana da saiwa, kamar yadda haƙorin da aka halicci mutum da shi yake da ita.

Ana yin saiwar da wani ƙarfe da ake kira titaniyam. Siffarta kamar 'yar gajeriyar kusa ce mai murɗa-murɗa. Likita zai yi wa mutum allurar kashe zafi, ya tsaga dasashi, ya huda ƙashi daidai gwargwado, ya murɗa kusar a ciki, sa'an nan ya ɗinke. Daga nan sai jira, yawanci wata 3 zuwa 6, har ƙashi ya tsiro ya kama ƙarfen kam. Idan ya kama sai a ɗaura masa wuya, a kan wuyan kuma a ɗora haƙorin da aka ƙera daidai da launi da girman sauran.

Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark shi ya gano wannan hali na titaniyam. A 1952 yana binciken yadda jini ke gudana cikin ƙashin zomo, sai ya sa wani ɗan bututu na wannan ƙarfe a ƙafar zomon. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya haɗe da ƙarfen, ya ƙi fita. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag, kuma mutumin ya rayu da haƙoran nan wajen shekara 40. Amma sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982 likitocin duniya suka karɓi hanyar sosai. A yau, idan aka yi aikin yadda ya kamata kuma mai shi ya kula da tsabtar bakinsa, fiye da dashe 9 cikin 10 sukan kai shekara 10 suna aiki.

Inda Kuɗin Suke Tafiya

Mutum yakan ji an faɗi kuɗin haƙori ɗaya sai ya riƙe baki, ya ce ai wannan kuɗin sayen babur ne. Gaskiyarsa. A manyan biranenmu kuɗin dashe ɗaya yana kai ɗaruruwan dubban naira, a wasu asibitocin kuɗi ma ya haura miliyan. A tuna cewa mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai tara albashin watanni da yawa, bai ci bai sha ba, kafin ya cike giɓi guda.

Dalili na farko shi ne daga waje ake shigo da kayan. Kusar da wuyan da na'urorin da ake huda ƙashi da su, ana sayo su ne daga ƙasashe irin su Suwizalan, Jamus, Amurka da Koriya ta Kudu, da kuɗin waje. Tun daga watan Yuni na 2023, da aka bar kasuwa ta tsayar da darajar naira, kuɗin duk abin da ake sayowa da dala ya yi tashin gwauron zabo, kayan haƙori kuwa ba a bar su a baya ba. Saboda haka ba mu rubuta tsayayyen farashi a nan ba, domin kafin littafin ya kai hannunka yana iya sakewa.

Dalili na biyu, aikin ba na rana ɗaya ba ne, ba kuma na mutum ɗaya ba. Akwai kuɗin ganin likita, da na hoton muƙamuƙi domin a auna kaurin ƙashi a ga inda jijiya ta bi, da na tiyata, da na magunguna, da ladan ƙwararren da zai ƙera haƙorin a ɗakin aikinsa, da kuɗin mota na zuwa da komowa sau da yawa. Mutumin ƙauye da zai riƙa zuwa Kano ko Ibadan ko Enugu ya san wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma dalili na uku, wanda mutane ba su cika sani ba. Ƙashin muƙamuƙi yana rayuwa ne da aikin tauna. Da zarar haƙori ya fita, ƙashin da ke riƙe da shi sai ya fara zaizayewa, har yakan rasa kusan rabin faɗinsa cikin shekarar farko. Wanda ya bar giɓi shekara da shekaru sa'an nan ya zo neman dashe, sau da yawa likita zai tarar babu isasshen ƙashin da zai riƙe kusa. Dole sai an yi ciko na ƙashi tukuna, a jira ya warke. Wannan wata tiyata ce dabam da kuɗinta dabam. Don haka ne za ka ga mutum biyu sun je asibiti ɗaya, giɓinsu iri ɗaya a ido, amma kuɗin da aka yanka wa ɗaya ya yi wa na ɗayan nisa.

Abin da Inshora Take Biya da Wanda Ba Ta Biya

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar 1999, ya fara aiki a 2005. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta mai da shi hukuma mai suna NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin Nijeriya. Ma'aikacin da ke cikin shirin, inshorar tana ɗauke da shi da matarsa ko mijinta da 'ya'ya 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba, kuma kashi 10 cikin 100 kaɗai yake biya na kuɗin magani. Wanda ba ma'aikacin gwamnati ba ne yana iya shiga ta shirin GIFSHIP, ko ta hukumar jiharsa, kamar KSCHMA a Kano ko LASHMA a Legas.

A fannin haƙori, shirin na tarayya yana ɗaukar duba baki, da wankin haƙori, da ciko, da cire haƙorin da ya lalace, da haƙoran roba gwargwadon adadin da ƙa'ida ta iyakance. Amma dashe, da hula, da gada, da aikin ƙara wa haƙori fari, duk suna cikin jerin abubuwan da aka keɓe.

Wani zai ce wannan ai rashin adalci ne, ana yankar albashina kowane wata. Muna roƙon mai karatu ya dubi yadda asusun yake. Inshora tamkar adashi ce, sai dai ita wanda rashin lafiya ya sama shi ke kwasa. Kuɗin da za a kashe wajen dasa wa mutum ɗaya haƙori ɗaya zai isa a yi wa mutane da yawa ciko, ko a karɓi haihuwar mata da dama, ko a yi wa yara masu yawa maganin zazzaɓin cizon sauro. Kuma giɓi yana da wata mafita mai sauƙin kuɗi, alhali mace mai naƙuda ba ta da wata. A ƙasar da har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin neman lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye, dole asusun ya fara da abin da ya fi gaggawa.

Ba mu kaɗai ba ne a kan wannan. A Ingila, inda gwamnati ke kula da lafiyar kowa, ba a cika yin dashe da kuɗin hukuma ba sai ga wanda ya rasa haƙora saboda ciwon daji, ko mummunan haɗari, ko wanda aka haifa ba su. A Amurka, inda dashe ɗaya yakan ci dala 3,000 zuwa 5,000, ainihin shirin Medicare na tsofaffi ba ya biyansa.

Kamfanonin inshora masu zaman kansu, waɗanda ake kira HMO, suna sayar da tsare-tsare hawa-hawa. Mafi yawansu sun sa iyakar kuɗin da za a kashe wa haƙori a shekara, kuma iyakar ba ta kai kuɗin dashe ba. Wasu sun sa wa'adin watanni kafin sabon shiga ya fara cin moriyar fannin haƙori. Kalmar “kula da haƙori” a takardar talla ba ta nufin dashe. Ka nemi cikakkiyar takardar yarjejeniya, ka duba shafin abubuwan da aka keɓe, in ba ka iya karatun Turanci ba ka sami wanda ka amince da shi ya karanta maka.

Akwai wata ƙofa guda da ya kamata ma'aikata su sani. Wanda ya rasa haƙora saboda raunin da ya samu a bakin aiki, maganarsa tana ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Irin wannan mutum ya sanar da shugabannin wurin aikinsa nan take, ya kuma adana duk takardun asibiti.

Ga Wanda Ya Yanke Shawarar Yi

Da farko ya tabbata likitan yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, MDCN. Dashe tiyata ce. Mai ƙera haƙoran roba, kome gwanintarsa, ba shi da izinin huda ƙashin mutum, balle masu cire haƙori a bakin kasuwa. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello, da na Jami'ar Ibadan, da na Jami'ar Legas, suna da sashen haƙori inda za a duba mutum a ba shi shawara.

Sa'an nan ya nemi a rubuta masa lissafin aikin duka, daga hoto har zuwa ɗora haƙori. Sau da yawa kuɗin da ake faɗa da farko na kusar ne kaɗai, sai bayan wata huɗu mutum ya ji akwai na wuya da na haƙorin, alhali ƙarfe yana cikin ƙashinsa ba halin ja da baya. Ya tambayi wa zai biya idan dashen ya ƙi kamawa. Ya kuma nemi a ba shi takarda mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera kusar da lambarta, domin kayan wani kamfani ba sa shiga na wani, kuma wata rana yana iya bukatar gyara a wani gari. Masu zuwa Masar ko Indiya ko Dubai don wannan aiki su fi kowa kula da wannan batu, su kuma sa kuɗin tafiya ta biyu cikin lissafi.

Ba kowa ya dace da dashe ba. Ba a yi wa yaro sai ƙashin fuskarsa ya gama girma, wajen shekara 18 ko fiye. Mai ciwon sukari sai sukarinsa ya daidaita. Mai ciwon dasashi sai an warkar da shi. Mai shan taba sigari kuwa ya sani dashensa ya fi na kowa saurin lalacewa, don taba tana hana rauni warkewa.

Wanda ba shi da halin dashe kada ya ɗauka an bar shi da wawulo. Haƙoran roba na cirewa sun fi kome araha, kuma ana yin su a asibitocin gwamnati. Gada, watau haƙorin da ake jingina shi da maƙwabtansa biyu, tana tsakiya wajen kuɗi, sai dai dole a fere lafiyayyun haƙoran nan biyu. Likita shi zai faɗi wanda ya dace da bakinka.

Idan Haƙori Ya Fita Ta Hanyar Haɗari

Haƙoran gaba da yawa a faɗuwar babur ko filin ƙwallo ake rasa su, kuma da dama cikinsu ana iya ceto su. In haƙorin babba ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare shi. In ya yi datti a ɗauraye shi kaɗan, a mai da shi gurbinsa a cije tsumma mai tsabta. In hakan bai yiwu ba, a saka shi cikin madara, a garzaya wurin likitan haƙori cikin awa ɗaya. Haƙorin nono na ƙaramin yaro shi ba a mai da shi, domin yana iya ɓata na dindindin da ke ƙarƙashinsa, amma duk da haka a kai yaron a duba shi.

Mai katin inshora ya je da katinsa. In asibitinsa na farko ba shi da likitan haƙori, ya nemi a ba shi takardar turawa, asibitin kuma ya karɓo lambar izini daga HMO ɗinsa. Wanda aka hana shi aikin da ke cikin shirin, kamar ciko ko cire haƙori, ko aka nemi ya biya kuɗinsa, ya kai ƙara ofishin NHIA na jiharsa tare da katinsa da rasidin da aka ba shi.