Sista, In Tafi da Yaran ko In Bar Su?

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, kuma galibin shekarun aikina a ƙetaren kogin Kaduna na yi su, tsakanin Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha. A wannan yanki fita ƙasar waje ta daina zama abin attajirai kaɗai. Akwai 'yan kasuwa masu sarin kaya a Dubai, akwai masu zuwa Umara daga Makera da Nasarawa, akwai masu ziyarar Isra'ila ta hannun coci, ga kuma 'yan uwana ma'aikatan jinya da suka yi ta kwasar iyalansu zuwa Ingila tun da aka buɗe bizar ma'aikatan lafiya a 2020. Duk lokacin da aka ji ɓullar wata cuta a duniya, korona ce ko ƙyandar biri, tambayar da iyaye ke kawo mana guda ce: "Sista, in tafi da yaran ko in bar su?"

Abin da ke ransu shi ne kada yaro ya kwashi cutar a cikin jirgi. Ba na raina wannan tsoro, amma a cikin abubuwan da na ga sun wahalar da iyalai a zamanin korona, shi ne ƙarami. Manyan jiragen sama suna tace iskar cikinsu suna sabunta ta bayan kowane minti biyu zuwa uku. Inda ake cuɗanya da gaske shi ne layin duba fasfo, ɗakin jira, da motar da ke kai fasinjoji gindin jirgi. Ita kanta korona, a mafi yawan yara masu ƙoshin lafiya, mura ce da zazzaɓi na 'yan kwanaki, in ban da wasu ƙalilan da jikinsu ke rikicewa da kumburi makonni biyu zuwa shida bayan sun kamu. Abin da ya fi cutar da yara a tafiyar lokacin annoba shi ne a rufe hanya alhali suna can, ko kuma mai riƙe da su ya kwanta.

Mu tuna yadda abin ya zo. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, a Legas, kuma a wannan rana ce Saudiyya ta dakatar da shigar baƙi masu Umara. Kafin wata guda ya cika, ranar 23 ga Maris, an rufe filayen jiragen Legas da Abuja ga jiragen ƙasa da ƙasa, bayan an riga an rufe na Kano. A nan Kaduna dokar kulle ta fara aiki ranar 26 ga Maris, kwana biyu bayan haka gwamnan lokacin, Nasir El-Rufa'i, ya sanar da cewa ya kamu, cibiyar kula da cututtuka masu yaɗuwa da ke Kakuri ta koma wurin killace marasa lafiya. Ba a sake buɗe sararin samaniyarmu ga jiragen waje ba sai 5 ga Satumba. Wanda ya fita da niyyar mako biyu, da guzurin mako biyu da maganin yaro na mako biyu, ya tarar da sama da wata biyar a gabansa, sai in ya yi sa'ar samun kujera a jiragen kwaso 'yan ƙasa. A watan Mayun shekarar an sauke mutum 292 a Abuja daga Saudiyya, ministan harkokin waje na lokacin, Geoffrey Onyeama, ya ce da yawansu mata ne masu shayarwa da ƙananan yara.

Kada a ce ai wannan farkon annoba ne, lokacin da kowa ya rikice. A Disamba 2021, ana shirin Kirsimeti, mutane sun sayi tikiti sun ɗinka wa yara kaya, sai Ingila ta sanar ranar Asabar 4 ga wata cewa ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta yi wa jan layi saboda nau'in Omikron, dokar kuma ta fara aiki da asubahin Litinin. Wanda ba mazaunin can ba an hana shi shiga. Mazaunin can kuwa sai ya killace kansa kwana goma a otal, ya biya fam 2,285, yaro mai shekara biyar zuwa sha ɗaya kuma fam 325. Ranar 15 ga wata aka soke dokar. Kwana tara kacal ta yi, amma ta cinye hutun iyalai da ajiyarsu.

Shi ya sa idan uwa ta zauna a gabana da wannan tambaya, nakan mayar mata da tawa: "Maman yara, in aka gwada ki a can aka ce kin kamu, wa zai riƙe miki su?" Yawanci sai a yi shiru. Na kula da wani yaro da mahaifiyarsa ta je sarin kaya da shi da ƙanwarsa mai shan nono, ita kaɗai. Gwajin dawowa ya nuna ta kamu, aka killace su a ɗaki guda, tana fama da zazzaɓi tana shayarwa, babban kuma abincin wurin bai karɓe shi ba. Da suka iso gida ba korona ce ta kawo shi wurinmu ba, gudawa ce da rama. A ganina, babba guda ɗaya da yara biyu ƙanana a lokacin annoba ganganci ne, ko da kowa lafiyarsa ƙalau ranar tashi. Ko dai a tafi manya biyu, ko a san akwai ɗan uwa na jini a garin da za a je, wanda aka yi magana da shi tun daga gida kuma ya amsa.

Abu na biyu da nake nema shi ne katin rigakafin yaro, a nan ne kuma nakan fi daɗewa da iyaye. Annoba takan ɗauke hankalin kowa zuwa cuta guda, tsofaffin cututtukan yara kuma su samu fili. A watannin kulle mata da yawa ba su iya kawo jarirai ranar allura ba, wasu don babu abin hawa, wasu don tsoron asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kaɗai yara kusan miliyan 40 ne suka rasa ko dai allurar ƙyanda ta farko ko ta biyu. Ƙyanda kuwa ta fi korona saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba: ƙwayarta na iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna da shi, tara na iya kamuwa. A tsarinmu ana yin ta farko a wata tara, ta biyu a wata sha biyar, kuma ta biyun ce iyaye suka fi mantawa. Mashaƙon da ya barke a Kano daga ƙarshen 2022, ya kuma taɓa Kafanchan a 2023, yaran da ba su cika allurarsu ba ya fi kamawa.

Ga kuma katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara, wanda ake karɓa a ofishin lafiya na filin jirgi. Allurar ba ta fara aiki a doka sai bayan kwana goma, tun 2016 kuma guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ana yin ta ne daga wata tara. Ina roƙon iyaye da girman Allah kada su karɓi katin da aka buga masa hatimi ba tare da allura ta shiga jikin yaro ba. Jami'in filin jirgi za a iya ruɗa, sauro ba ya duba takarda.

Masu zuwa Hajji da Umara a Saudiyya suna da nasu ƙarin sharaɗi: allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu, a yi ta aƙalla kwana goma kafin isa, da ɗigon shan inna. Wannan sharaɗi yana da tarihi. A 1996 sanƙarau ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, galibi a Arewa, ta kashe fiye da 11,000, Saudiyya ta rufe wa alhazanmu ƙofa a shekarar. A 2000 kuma wani nau'in cutar ya barke tsakanin alhazai ya bi su zuwa ƙasashensu. Ita Saudiyyar ma ba ta ɓoye ra'ayinta game da yara a lokacin annoba. A 2013, bayan cutar numfashin nan mai alaƙa da raƙuma ta ɓulla, ma'aikatar lafiyarta ta shawarci tsofaffi da masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara sha biyu su ɗage zuwansu. Da aka sake buɗe Umara ga baƙi a Nuwamba 2020, 'yan shekara 18 zuwa 50 kaɗai aka yarda wa. Idan masu masaukin da kansu suna cewa a bar yara, ban ga dalilin gardama ba.

Akwai yaran da ba na yi wa iyayensu kwana-kwana. Jaririn da bai cika wata uku ba, zazzaɓin da ya kai 38 a jikinsa lamarin gaggawa ne a ko'ina, balle a garin da ba ka san hanyar asibiti ba. Sai mai asma da ke yawan tashi, da mai ciwon zuciya, da uwa uba mai sikila. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, ga bushewa, ga sanyi, ga dogon zama, kuma waɗannan su ne ke tayar da ciwon ƙashi. A lokacin lafiya ma sai da shiri ake tafiya da mai sikila: ganin likitansa kafin tashi, ruwan sha a kai a kai, rigar sanyi a hannu, takardar da ke bayanin ciwonsa da ma'aunin jininsa na yau da kullum. A lokacin da asibitocin ƙasar da za a je suka cika maƙil, gadon da zai kwanta da jinin da za a ƙara masa ba su da tabbas. In ba neman magani ne ya sa tafiyar ba, a ɗage ta.

In kuwa tafiyar ta zama dole, kamar iyalin da ke ƙaura don aiki ko yaron da za a yi wa tiyata, to a ɗauki maganin da yake sha na wata uku ko fiye, a jakar hannu, da takardar likita. A sa farasitamol da ma'aunin zafi da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. A sayi inshorar lafiya, a sa wanda ya iya karatun irin waɗannan takardu ya duba ko ta haɗa da cutar annoba, don da yawa suna cire ta. Kada a ɗaura wa yaron da bai kai shekara biyu ba takunkumin fuska.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: yaro na iya barin Kaduna da maleriya a jikinsa ba ta nuna ba, sai bayan mako ɗaya zuwa huɗu ta fito. A ƙasar da hankalin kowa ke kan annoba, likita zai gwada cutar da ake yayi, ya ce a koma gida a sha ruwa. Sai uwa ta buɗe baki ta ce daga Najeriya muke, a gwada maleriya. Haka nan 'yan uwanmu da ke kawo yara gida Kirsimeti ko Sallah daga Ingila da Amurka: yaron da aka haifa a can jikinsa bai san maleriya ba, yana bukatar maganin kariya tun kafin ya taso da gidan sauro kowane dare, ko da kakarsa ta ce ai duk haka aka rene mu.

Wanda ya yanke shawarar barin yaro a gida, shi ma akwai aiki a gabansa, don na sha karɓar yaran da aka bar wa kaka ko inna ba tare da wani bayani ba. A bar katin rigakafi da katin asibiti a hannun mai riƙon, a rubuta mata sunan kowane magani da lokacin shansa, a faɗa mata rukunin jinin yaron da abin da jikinsa ba ya so. A bar kuɗin asibiti daban da na cefane, a nuna mata asibitin da za ta nufa in dare ya yi, Gwamna Awan ne ko Saint Gerard ko na Sabon Tasha, da wanda zai ɗauke ta a mota in an hana zirga-zirga. A kuma rubuta takardar izini da sa hannun uba ko uwa, cewa ita ce za ta amince in ana bukatar ƙarin jini ko tiyata.