Taskar Makamai ta Birnin Landan

A bakin kogin Tems, cikin birnin Landan, akwai wani babban gini na dutse wanda ake kira Farin Soro. Sarki Wiliyam, wanda ya ci ƙasar Ingila da yaƙi cikin 1066, shi ne ya sa aka soma gina shi wajen 1078. Tsayinsa ƙafa 90, kaurin bangonsa kuwa daga gindi ƙafa 15. Magina ba su yi masa ƙofa a ƙasa ba, sai a bene, ana hawa da matakala ta katako, domin in abokan gaba sun matso a kawar da ita. Cikin 1240 Sarki Henri na Uku ya sa aka shafe shi da farar ƙasa, watau asalin sunansa ke nan.

Nan sarakunan Ingila suka riƙa ajiye sulke da takubba da bindigogi da albarushi. Da kaya suka yi yawa, sai aka gina wata babbar taska kusa da shi, aka gama cikin 1692. Ran 30 ga Oktoba 1841, da dare, wuta ta tashi daga bututun hayaƙi na wani soro da ke bayanta, ta cinye taskar da dubban makamai. Farin Soro kuwa ya tsira.

Hakimai da malamansu su lura: an yi kaurin bango saboda maƙiyi na waje, amma wutar daga cikin gida ta fito. Wanda aka danƙa wa ɗakin ajiya, ya nisanta murhu da fitila daga gare shi, ya kuma rubuta abin da ke ciki.