Ziyolait da Ruwan Rijiyar Kokoro

Wata wasiƙa ta zo mana daga Kokoro, a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi. Mai sauraronmu ya ce an kawo musu wani farin gari mai suna ziyolait, wai in an zuba shi a randa ruwan rijiya ya tsarkaka. Yana tambaya ko su daina tafasawa.

Malam, don Allah kada ku daina. Ziyolait dai ma'adini ne na gaske, yana samuwa inda tokar dutse mai aman wuta ta daɗe jiƙe da ruwa mai kanwa-kanwa. A 1756 masanin ma'adinai ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya ɗora shi a wuta, ya ga tururi na fita kamar yana tafasa, sai ya raɗa masa sunan da ke nufin dutse mai tafasa a Girkanci. Cikinsa ƙofofi ne kamar saƙar zuma, kuma musaya yake yi: ya saki sinadarin da ke jikinsa, ya cafke amoniya ko gubar dalma, irin wadda ta hallaka yara a Zamfara a 2010. Ana haƙo shi da yawa a Sin da Turkiyya, ana sa shi a siminti da taki da abincin kaji.

Na san za a ce ai da shi aka tace gurɓataccen ruwan nukiliya a Fukushima a 2011, ina ga rijiya? Haka ne, amma can sinadarin siziyam ya kama, wanda ƙofofin ke iya haɗiyewa. Ƙwayar kwalara ko ta taifot kuwa ta ninka faɗin ƙofar sau ɗaruruwa. Ba ta shiga, kuma dutsen ba ya kashe ta. Ku dubi unguwa da damina: ruwa ya kwanta a lungu, shadda ta cika, rijiya tana 'yan taku kaɗan daga gefenta. Abin da ke tsiyaya ciki ƙwayoyin cuta ne, maganinsu kuwa tafasawa ko kulorin a ma'aunin da ma'aikatan lafiya suka faɗa. Ko a abin da yake iya kamawa, ziyolait ɗin ma cika yake yi, sai an wanke shi da ruwan gishiri.

Abin da ya fi damuna shi ne farin garin da ba a san asalinsa ba. A ƙauyen Karain na Turkiyya, ƙurar wani nau'in ziyolait mai suna eriyonait ta jawo wa mutane sankarar ƙirji. Kafin ka saya, Malam, tambayi wane nau'i ne, daga ina aka haƙo shi, kuma a hana yara shaƙar ƙurarsa.