Haƙƙin Bakwaini a Shari'a da Abin da Binciken Likitoci Ya Gano

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Yake siffanta bayinSa a cikin mahaifa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi jaririn da ya zo duniya kafin cikinsa ya cika, watau wanda Hausawa suke kira bakwaini, da matsayinsa a Shari'a, da abin da likitoci suka gano game da tsare ransa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa ana haihuwar yaro kafin wata tara kuma ya rayu. An ruwaito daga Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa ya haɗa aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf, wadda ta ambaci wata talatin a matsayin lokacin ɗaukar ciki da yaye, da aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu na shayarwa. Idan aka ɗebe wata ashirin da huɗu daga talatin, saura shida. Daga nan mazhabobi huɗu suka tafi a kan cewa mafi ƙarancin lokacin ciki wata shida ne, saboda haka ba a tuhumar matar da ta haihu bayan wata shida da tarewarta. A mazhabar Malikiyya kuwa, jaririn da ya faɗo ya tsala kuka yana gado, ana gadonsa, ana kuma yi masa salla idan ya rasu. Wannan ya nuna bakwaini mutum ne cikakke a idon Shari'a, kuma tsare ransa wajibi ne kamar ran kowa.

Likitoci suna lissafin ciki da mako, daga ranar farko ta hailar ƙarshe, cikakken ciki kuwa mako 40 ne. Duk jaririn da aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne a wurinsu, ko da ba a wata na bakwai ya zo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a shekarar 2020, watau wajen ɗaya cikin kowane goma, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu, tare da Indiya da Pakistan da Sin da Habasha. A shekarar 2019 yara wajen 900,000 suka rasu ta wannan dalili. Akwai wani tsohon zance da ya samo asali tun daga likitocin Girka na da, wai ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Bincike ya rushe wannan zance, domin kowane mako da jariri ya ƙara a ciki ƙarin ƙwari ne gare shi.

Babban abin da yake kashe bakwaini shi ne huhunsa bai nuna ba. A shekarar 1959 wasu masana biyu a Amurka, Mary Ellen Avery da Jere Mead, suka gano cewa huhun irin wannan jariri ya rasa wani ruwa mai santsi wanda yake hana 'yan jakunkunan iska manne wa juna idan an fitar da numfashi. A shekarar 1980 likita Tetsuro Fujiwara na Japan ya nuna ana iya ɗura wannan ruwa ta maƙogwaro jariri ya sami sauƙi. Kafin haka, a shekarar 1972, Graham Liggins da Ross Howie na ƙasar Niyu Zilan sun tabbatar da cewa wata allura da ake yi wa uwa kafin ta haihu tana gaggauta nunar huhun ɗanta. An sake gwada irin wannan allura, mai suna deksametazon, a asibitocin Nijeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladash, aka bayyana sakamakon a shekarar 2020: mutuwar jarirai ta sauko daga kashi 23.5 cikin ɗari zuwa kashi 19.6. Allurar mai araha ce, amma likita ne kaɗai zai ba da umarninta bayan ya tabbatar da makonnin cikin, kuma tana bukatar lokaci kafin ta yi aiki. Don haka jinkiri a gida bayan naƙuda ta taso ko faya ta fashe kafin lokaci asara ce babba.

Game da hango wadda za ta haifi bakwaini, alama mafi ƙarfi ita ce mace ta taɓa haifarsa a baya. Sa'an nan akwai tagwaye, da hawan jini mai kai ga jijjiga, da ciwon mafitsara, da zazzaɓin cizon sauro, da ɗaukar ciki da ƙuruciya ƙwarai, da kunika. Likitoci suna auna tsawon bakin mahaifa da na'urar hoton ciki a tsakiyar ciki. Idan bai wuce milimita 25 ba, sukan ba da maganin furojestaron na matsi, wani lokaci kuma su ɗinke bakin mahaifar har ciki ya ƙosa. Mai haɗarin jijjiga akan ba ta ƙaramin asfirin, a ƙasashen sauro kuwa akan ba mai ciki Fansidar da gidan sauro. Masu bincike ba sa jin nauyin janye abin da bai tabbata ba: a shekarar 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta soke izinin wata allura mai suna Makena bayan babban gwaji ya kasa nuna amfaninta. Duk waɗannan matakai kuwa ba sa samuwa sai ga wadda ta fara awon ciki da wuri.

Idan jaririn ya riga ya zo, sanyi shi ne maƙiyinsa na farko, domin ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi. A shekarar 1978, sa'ad da kwalaben rainon jarirai suka yi ƙaranci a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya, likita Edgar Rey ya sa uwaye su riƙa ɗora jariransu a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe su da zane. Ana kiran wannan rainon kangaru. Wani gwaji da aka yi a Nijeriya da Ghana da Malawi da Tanzaniya da Indiya, wanda aka bayyana a shekarar 2021, ya nuna fara shi nan da nan bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin haka awa 8 zuwa 24 a yini. Uba ma yana iya karɓar uwa idan ta gaji, ba kuwa abin kunya a cikinsa.

Abinci mafi dacewa da bakwaini shi ne nonon uwarsa, musamman dakashi, wanda wasu suke zubarwa alhali kuwa yana cike da kariya daga cuta. Nonon uwa yana rage wata muguwar cutar hanji da take kama bakwaini. Idan bai iya tsotso ba, sai a tatsa a ba shi da ɗan kofi ko ta siririn bututu. Idan nonon uwa ya gaza, sai maganar nonon wata mace ta taso, a nan kuwa Shari'a tana da hukunci. A mazhabar Malikiyya, nonon da ya isa cikin jariri a shekara biyun farko, ko sau ɗaya ne, ko ta ɗura ne, yana haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa. Shafi'iyya kuwa sun shardanta sau biyar. Saboda tsoron cakuɗuwar wannan zumunci, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta hana kafa rumbunan nono a zamanta na Jidda a shekarar 1985, Majalisar Fatawa ta Turai kuwa ta halatta amfani da su a shekarar 2004 saboda bukata. Hanyar da ta kuɓuta daga saɓani ita ce a san mai ba da nonon, likita ya tabbatar da lafiyarta, a rubuta sunanta, iyalan biyu su sani.

Nauyi mafi girma a wannan al'amari yana kan maigida. Shehu Halilu, a cikin Muhtasar, ya lissafa ladan ungozoma cikin abin da ya wajaba a kan miji, wanda yake nuna kula da haihuwa ɓangare ne na ciyarwa. Ya kamata maigida ya ba da izinin zuwa awo tun ciki yana ƙarami, ya tanadi kuɗin mota kafin ranar bukata, ya kuma bar wa iyalinsa izinin fita asibiti ko ba ya gida. Ajali yana hannun Allah, amma riƙo da sababi umarni ne na Shari'a, kuma ba ya warware tawakkali. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa bisa tafarkin Musulunci. Allah Shi ne Mafi sani.