DARASIN YAU: Yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa jiki a lokacin firgici da damuwa



Ka taɓa cin karo da maciji a bakin ƙofa? Nan take gabanka ya faɗi, zuciya ta hau bugawa, baki ya bushe. To, umarni ne daga ƙwaƙwalwa.

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, likitoci na ce masa haifotalamus. Idan ya ji haɗari, ta hanya biyu yake aika saƙo.

Ta farko: ta jijiyoyi, zuwa wasu ƙulli biyu da ke zaune a kan ƙoda. Cikin daƙiƙoƙi su zuba sinadarin adirenalin a jini, don ka gudu ko ka kare kanka.

Ta biyu: ya aika wa fituwitari, wani ƙulli da bai wuce ƙwayar wake ba, shi kuma ya umarci na kan ƙoda su saki kotizol. Wannan yana ɗaukar mintuna. Aikinsa ƙara sukari a jini da riƙe ƙarfin bugunsa.

Ga hikimar Ubangiji: idan kotizol ya wadata, ƙwaƙwalwa na ganewa, sai ta tsayar da umarnin. Amma damuwar da ba ta yankewa, ta bashi ko rikicin gida, tana hana jiki wannan hutun. Daga nan sai rashin barci da hawan jini.

A nan zan ja kunne, musamman 'yan uwa mata. Ƙwayar deksa da wasu ke sha don su yi ƙiba, aikin kotizol take yi. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka akwai isasshe, ta daina aika saƙo, ƙullin kan ƙoda su yi sanyi. Ƙibar nan cuta ce, tana tafe da ciwon sukari da raunin ƙashi. Wanda ya yi makonni yana sha, KADA ya daina rana ɗaya, jini na iya faɗuwa har a rasa rai. A je asibiti, likita ya rage a hankali.

Ku kiyaye barcin dare. Idan rai ya ɓaci, a zauna, a yi alwala, a ja numfashi a hankali.

Allah Ya ba mu lafiya. A tura wa 'yan uwa.