Shuɗin Allo a Sabuwar Kwamfuta: Dalilansa da Maganinsa

A 'yan shekarun nan ɗalibai da yawa, musamman masu shirin shiga jami'a, suna mallakar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof. Sau da yawa sai iyaye sun yi watanni suna tara kuɗi kafin su saye ta. Don haka ba ƙaramin tashin hankali ba ne a ce ana cikin aiki da sabuwar kwamfuta, sai allonta ya koma shuɗi, wani rubutu ya bayyana, ta mutu ta sāke tashi da kanta. In sau ɗaya ne kawai, ba abin damuwa ba ne sosai. Amma in ya zama yau da gobe, to, akwai dalili, kuma ya kamata a gano shi kafin wa'adin garanti ya ƙare. A wannan darasi za mu duba ma'anar shuɗin allo, da abubuwan da suke kawo shi, da matakan da za a bi.

Mene ne shuɗin allo?

Windows ita ce babbar manhajar da take tafiyar da yawancin kwamfutocin da muke amfani da su. Idan ta tarar da kuskure a can cikin zuciyarta, wanda ba za ta iya ci gaba da aiki da shi ba, sai ta tsai da kome da gangan domin kada ta ɓata abin da aka ajiye. Kamar mai injin niƙa ne da ya ji dutse ya shiga, ya kashe injin nan take kafin ɓarnar ta yi yawa. Watau shuɗin allo alama ce ta ciwo, ciwon kansa kuwa yana wani wuri.

Kamanninsa sun sha sauyawa. A 2012 Windows 8 ta zo da hoton fuska mai baƙin ciki. A 2016 aka ƙara wa Windows 10 wata alama mai kusurwa huɗu da ake ɗauka da waya. A 2025 kuwa kamfanin Microsoft ya mai da allon baƙi a Windows 11. Saboda haka wanda ya ga baƙin allo da saƙon cewa kwamfuta ta sami matsala, ya sani abu ɗaya muke magana a kai.

Me yake kawo shi?

Babban mai laifi shi ne abin da ake kira direba. Wannan ba direban mota ba ne. Wata ƙaramar manhaja ce da take aikin tafinta tsakanin Windows da kowane sashe na kwamfuta, kamar sashen hoto, da na sauti, da na kama intanet. In tafinta ya yi kuskure, magana ta lalace. Microsoft ya taɓa bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na irin wannan tsayawa daga direbobin wasu kamfanoni suke fitowa. Duniya ta shaida haka ranar 19 ga Yuli, 2024, sa'ad da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika da wani sabon gyara mai kuskure. Kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka nuna shuɗin allo, aka soke tashin jiragen sama da yawa, aikin bankuna da asibitoci ya tsaya. Kwamfutocin nan ba su lalace ba. Da aka share fayil ɗin da ya jawo matsalar, sai suka ci gaba da aiki.

Dalili na biyu shi ne lahani a jikin kwamfutar: ƙwaƙwalwar aiki da ake kira ram, ko ma'ajiyar fayiloli, ko zafi da ya wuce kima. Sabon abu ma yakan fito daga masana'anta da aibi.

Matakan da za a bi

Kafin mu jera su, ga ƙa'ida ɗaya da muke koyarwa a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya: a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a jira a ga sakamako. Wanda ya sauya abu biyar a tare ba zai san wanne ne ya yi magani ba.

Na farko, a tsare dukiya. A kwashe dukan aikin da yake cikin kwamfutar zuwa filas ko wata ma'ajiya ta waje. A adana rasit da kwali da takardar garanti. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle ma'ajiyarsu da tsarin BitLocker, kuma lokacin gyara sukan nemi mabuɗi mai lambobi 48. Yawanci yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. A neme shi, a rubuta shi a takarda tun da wuri.

Na biyu, a karanta saƙon. A ƙasan allon akwai sunan kuskuren da manyan baƙaƙe. A ɗauki hotonsa da waya, a rubuta rana da abin da ake yi sa'ad da ya faru. MEMORY_MANAGEMENT yakan nuna wajen ram. IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL yawanci direba ne. VIDEO_TDR_FAILURE na sashen hoto ne. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa jikin kwamfutar ne ya kai ƙara da kansa. Wani lokaci akan ga sunan fayil mai ƙarewa da .sys, shi ne direban da ake tuhuma. In allon ya wuce da sauri, a buɗe Reliability Monitor, wanda yake jera tarihin kowace faɗuwa da ranarta. In suna ɗaya yake ta dawowa, an kusa kama ɓarawo. In kullum sunan daban ne, sai a fi zargin ram.

Na uku, a cire baƙi. A zare firinta, da filas, da duk abin da aka jona. A yi amfani da cajar da ta zo da kwamfutar. Sa'an nan a tuna: wace manhaja aka sa kafin matsalar ta soma? A cire ta. A lura musamman da manhajojin kashe cutar kwamfuta. Windows tana da nata, watau Microsoft Defender, kuma tara biyu ko uku a wuri ɗaya yakan haddasa rikici. Haka kuma manhajojin sata da wasu masu shago suke lodawa a matsayin kyauta.

Na huɗu, a sabunta. Mai yiwuwa kwamfutar ta yi watanni a kwali kafin a saye ta. A bar Windows Update ya gama aikinsa duka, sa'an nan a shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, a sauko da direbobin wannan samfuri daidai. A guji manhajojin da suke alkawarin sabunta dukan direbobi da dannawa ɗaya. In kuwa bayan sabuntawa ne matsalar ta soma, a shiga Device Manager a mai da tsohon direban.

Na biyar, a gwada Safe Mode. A danne maɓallin Shift yayin da ake zaɓen Restart, a bi zaɓin da zai bayyana. A wannan hali Windows takan tashi da direbobi kaɗan waɗanda ba makawa sai da su. In kwamfutar ta zauna lafiya a nan, alama ce mai ƙarfi cewa laifin na wata manhaja ne ko direba.

Na shida, a auna jiki. Windows Memory Diagnostic yana cikin kwamfutar, yakan gwada ram ya ba da rahoto. Kuskure ko ɗaya ne ya isa hujja. Umarnin sfc /scannow kuma yakan duba fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace. A kuma kula da zafi. Ɗora laftof a kan katifa ko matashi yana toshe kafofin iska, ƙurar hunturu kuma tana cika fanka. A ɗora ta a kan tebur.

Na bakwai, a mai da ita yadda ta fito, ta hanyar Reset this PC. Bayan haka kada a sa mata kome, a yi aiki da ita kwana biyu ko uku.

Lokacin da za a daina gyara

In bayan mataki na bakwai shuɗin allo ya dawo, ko gwajin ram ya nuna kuskure, to, aikin mai kwamfuta ya ƙare. Lahanin a jikinta yake, kuma hakkin mai sayarwa ne ko kamfanin da ya ƙera ta. Kada a kwance ta, kada a kai wa mai gyara na bakin kasuwa ya buɗe, gama hakan yana iya zama dalilin ƙin karɓarta. A ƙananan laftof da yawa ma an manne ram a jikin babban faranti, ba ya ciruwa. Garantin kamfani yawanci shekara 1 ne, amma kwanakin da mai shago yake yarda ya musanya kaya sun fi haka kaɗan ƙwarai, don haka jinkiri hasara ne.

A ƙarƙashin kwamfutar akwai lambarta ta musamman. Manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suna da wuri a shafinsu inda za a rubuta lambar a ga ranar da garanti ya soma da ranar da zai ƙare. Wannan yakan tona asirin tsohuwar kwamfuta da aka goge aka sayar da sunan sabuwa. Ya fi kyau a yi wannan bincike a shago kafin a biya kuɗi.

Sa'ad da za a koma wurin mai sayarwa, a tafi da rasit, da hotunan allon, da takardar da aka rubuta ranaku da matakan da aka bi. Gani ya kori ji. Ɗalibi kuma ya tafi tare da babba, a yi magana cikin ladabi, a nemi musanya ko gyara a rubuce.

Muna roƙon ɗalibanmu su adana wannan darasi, su kuma karanta wa iyaye da ƙanne, domin kuɗin da aka sha wahalar tarawa kada ya salwanta saboda rashin sani.