Yadda Ake Koya wa Yaro "In", "On" da "At"

Na daɗe ina koyar da Turanci a ajin farko na ƙaramar sakandare, kuma ban ga abin da ke wahalar da ɗan Bahaushe kamar waɗannan 'yan kalmomi uku ba. Laifin ba na yaron ba ne. Mu "a" guda ɗaya ta ishe mu: a kasuwa, a tabarma, a watan Azumi. Bature ya tsaga wannan "a" gida uku, kowace da huruminta, aikin malami kuwa shi ne ya nuna inda tsagin yake.

Ba da allo nake farawa ba. Ƙwarya nake shiga aji da ita, da faifai, da 'yar tsakuwa. In jefa tsakuwar cikin ƙwarya, in ce "in". In ɗora ta a kan faifai, in ce on. In sa yaro ya tsaya a bakin ƙofa, shi ke nan at the door. Wannan ba ya cin fiye da darasi ɗaya, domin Hausa ta riga ta share fage: "cikin" daga ciki ta fito, "kan" daga kai, "gaban" daga gaba. Sai dai a yi hattara da "bayan". Bayan masallaci behind ne, bayan Magariba kuwa after ne, kuma na sha ganin yaro ya rubuta behind Magariba da zuciya ɗaya.

A wajen lokaci ne ake gane gwani. Nakan ce musu su tuna da awon hatsi. "In" buhu ne, ita ke ɗaukar shekara da wata. On mudu ne, na rana guda. At cokali ne, na ƙarfe kaza daidai. Misalin da ban taɓa sauyawa ba shi ne na samun 'yancin kan Nijeriya: in 1960, on the first of October, at midnight, lokacin da aka sauke tutar Ingila a Legas. Jimla ɗaya, ma'auni uku.

To, da zarar yara sun fara murna, sai Turanci ya nuna halinsa. Ana cewa in the morning, amma at night. Ana cewa in the morning ɗin, amma da an ambaci ranar sai ta koma on Friday morning. A nan rabin aji ke zamewa, kuma a nan malami mai gaggawa ke ɗaukar bulala. Ni mako guda cur nake yi a wannan gaɓa. Ƙa'idar da nake ba su gajeriya ce: duk inda sunan rana ya shigo, mudu ne ke mulki. Sannan idan next, last, this ko every ta zo gaba, ba a sa komai, next Friday kawai. At night kuwa haddace ta ake yi kamar karatun allo, a maimaita har ta zauna. Haka abin hawa: on the bus, domin kana iya miƙewa ka taka a ciki, in the car, domin duƙawa kake ka shiga, babur kuma on, tunda a kansa ake zama. Kowace safiya yaro biyar za su tashi su faɗi yaushe suka farka, a ina suka karya, me suka hau zuwa makaranta. Tsofaffin malamanmu da suka fito daga kwalejojin horon malamai haka suka yi mana, da baki kafin biro, kuma har gobe ban ga dabarar da ta fi ta ba.

Kalmomin siffantawa a kan wannan tushe nake ɗora su. Yaron da ya san fari fat da baƙi ƙirin da ja wur ba baƙo ba ne a wajen siffanta abu. Sai in nuna masa pitch black, in ce ga baƙi ƙirin ɗinsu. Kowa ya ware ɗan littafi, kullum kalma uku, kowace a cikin jimla mai wuri da lokaci. Ranar Alhamis su rubuta abin da suka gani a kasuwar garinsu: mai nama a ina yake, ƙarfe nawa ya buɗe, yaya ƙamshin wurin.

Masu duba takardun WAEC da NECO ba sa yafe waɗannan ƙananan kurakurai. Don haka malamai 'yan'uwana, a daure a ba wannan darasi makonninsa tun daga aji ɗaya.